Buga takarda daga Linux zuwa firintar ofis: ta wace hanya za a bi?

Ranar wata Alhamis da yamma, ana gobe jarrabawa, malamin lissafi na wata makarantar kuɗi da nake duba wa kwamfutoci ya kira ni a waya. "Malam, firinta ta ƙi fa. Sau huɗu ina turawa, ko motsi ba ta yi ba." Kwamfutarsa Linux Mint ce a kai, ni na saka masa da hannuna. Da na isa sai na tarar da firinta lafiyarta lau, fitila kore, takarda cike. Ashe sakatariya ce ta tashi daga aiki ta kashe kwamfutarta mai Windows, kuma duk takardar da za a buga a ofishin sai ta ratsa ta cikin wannan kwamfutar kafin ta isa firinta. Na zagaya bayan injin, sai ga ramin kebul ɗin sadarwa, ƙura ta cika shi, ba a taɓa soka masa komai ba tun da aka sayo. Kebul ɗaya muka ja zuwa rauta, wato na'urar da ke haɗa kwamfutocin ofishin da juna. Kafin a kira magariba takardun jarrabawa sun fito.

Hanyoyin da kwamfuta mai Linux, ko macOS, ko FreeBSD za ta bi ta kai aiki ga firintar da jama'a ke tarayya a kanta ba su da yawa, amma bambancin da ke tsakaninsu babba ne, kuma sai ranar da ake sauri ake gane shi. Matsayina shi ne: idan firinta za ta iya magana da kwamfutarka kai tsaye, kada ka sa kowa a tsakani. Sauran bayanin duk na ranar da hakan bai samu ba ne.

Abubuwa biyu ake yawan cakuɗawa, kuma rabin wahalar daga nan take. Akwai hanyar da aiki zai bi ya isa firinta, akwai kuma yaren da firinta take ji idan aikin ya iso. Kana iya samun hanya ta buɗe sarai, amma ka aika saƙo da yaren da injin bai sani ba. Wanda ya taɓa ganin firinta tana ta amayar da takardu, kowace da layi ɗaya na baƙaƙen da ba a karantawa, na farkon ya fara da %!PS-Adobe, ya ga wannan matsalar: an tura mata yaren PostScript alhali yaren PCL kaɗai take ji. Mai fassara tsakanin takardarka da yaren injin shi ake kira direba. A kusan duk kwamfutocin da suka fito daga zuriyar Unix, manhajar da ke kula da hanya da fassara gaba ɗaya ita ce CUPS. Michael Sweet ya fara rubuta ta a 1997, ta fito fili a 1999, Apple ya sa ta cikin Mac OS X a 2002, sannan ya saye ta a 2007. Bayan Sweet ya bar kamfanin a ƙarshen 2019, ƙungiyar OpenPrinting ce ke ci gaba da rainon wadda Linux ke amfani da ita. Don haka umarnin da za ka gani a nan kusan iri ɗaya ne a Ubuntu da Fedora da Mac. Kana kuma iya buɗe burauza ka rubuta localhost:631 ka ga shafin CUPS na kwamfutarka.

Hanyar da na fi so ita ce IPP. Tana bi ta ƙofa mai lamba 631 (kowace hanya tana da lambar ƙofar da na'ura ke karɓar saƙonta ta nan), kuma a kan HTTP aka gina ta, wato irin maganar da burauza ke yi da shafin intanet. Abin da ya fifita ta shi ne magana ce ta ɓangare biyu. Kwamfuta tana tambayar firinta: wane girman takarda kike ɗauka, kina buga gaba da baya, kina da launi, tona ta rage nawa? Firinta ta amsa. Idan takarda ta ƙare ko ta maƙale, za ka gani a allonka ba sai ka taso ba. Idan ka tura littafi mai shafi 200 bisa kuskure, kana iya soke shi kuma sokewar ta kai ga injin. Akwai kuma ipps, wadda ke rufe saƙon yadda wani da ke kan Wi-Fi ɗin ba zai karanta ba, abin da ya kamata duk mai buga takardar albashi ko tambayoyin jarrabawa ya damu da shi.

Daga 2010, lokacin da Apple ya fito da AirPrint don wayoyinsa, da 2013 da aka fitar da ƙa'idar IPP Everywhere, sai masu ƙera firinta suka koma sa wa injinansu wasu 'yan yaruka na bai ɗaya, irin su PWG Raster da Apple Raster, wasu har da PDF. Wannan ya zama alheri ga masu Linux, domin firintar da waya za ta iya buga takarda a kanta ba tare da direba ba, kwamfutarka ma za ta iya. Mafi yawan firintocin zamani masu Wi-Fi ko ramin kebul haka suke. Sau da yawa ma ba ka yin komai, sunanta kawai za ka gani a tagar bugawa. In kana so ka tabbatar, buɗe tagar umarni ka rubuta:

ippfind

Idan ta bayyana, ko kuma ka san adireshinta, ga yadda za ka kafa mata layi na dindindin:

lpadmin -p Ofis -E -v ipp://192.168.1.50/ipp/print -m everywhere

Dole firintar ta kasance a kunne lokacin da ka ba da wannan umarni, domin a nan take CUPS zai yi mata tambayoyi ya tsara komai daga amsoshinta.

Ita ma tana da nata cikas. Ganin firinta da kanta ya dogara da wata shela da na'urori ke yi wa juna ta mDNS, wadda manhajar Avahi ke saurara a Linux ta ƙofa 5353, kuma wannan shelar ba ta tsallake rauta. A ofisoshinmu da ake jona rauta a bayan wata rautar don Wi-Fi ya kai ɗakin ƙarshe, ko ake amfani da ƙaramar MiFi, ko Wi-Fi na baƙi da ke hana na'urori ganin juna, sai firinta ta ɓace alhali tana nan. A irin wannan hali rubuta adireshin da hannu ya fi. Sannan manyan injinan fotokwafi masu neman lambar sashe kafin su buga, sau da yawa sai da direban kamfaninsu ake samun gurbin sa lambar. Akwai kuma tsofaffin injina da ƙofarsu ta 631 a buɗe take amma ba su kai matsayin aiki babu direba ba. Irin waɗannan, umarnin lpadmin zai gaya maka ƙarara cewa ba su da abin da ake buƙata.

A nan ne ƙofa 9100 take shigowa, wadda HP ya yi wa suna da katunansa na JetDirect, CUPS kuma yake kira socket. Babu hanya mafi sauƙi: kwamfuta ta buɗe ƙofa, ta zuba aiki, ta rufe. Duk wanda ya san shagunan buga takardu da ke bakin jami'o'i da sakatariyoyi a Kano ko Zariya ya san irin injinan da ke ciki, tsofaffin LaserJet da manyan Ricoh da Sharp da Konica Minolta na hannu, waɗanda suka gama aiki a Turai suka zo nan suka buɗe sabon shafi. Da tsohuwar zuma ake magani. Irin waɗannan kusan dukkansu suna sauraro a 9100, kuma da yawa suna jin PCL ko PostScript, yarukan da Linux ya iya tun da daɗewa. Gwada ƙofar tukuna:

nc -zv 192.168.1.50 9100

Idan ta amsa, ka kafa layin da direban da ya dace. In ba ka sami na ainihin samfurin ba, na gama-gari da ke zuwa tare da CUPS yakan wadatar:

lpadmin -p Tsohuwa -E -v socket://192.168.1.50:9100 -m drv:///sample.drv/generpcl.ppd

Sauƙin nan kuwa da farashinsa. Ƙofa 9100 ba ta tambayar waye kai, ba ta rufe saƙo, duk wanda ya shiga Wi-Fi ɗin ofis zai iya ƙarar maka da rim guda. Da zarar aiki ya bar kwamfuta, CUPS ya ɗauka an gama, soke shi kuma sai ka je gaban injin ka danna maɓalli. Za ka kuma ga lpadmin yana gargaɗin cewa direbobi irin na da za su daina aiki a wani zubin CUPS mai zuwa. Gargaɗin gaskiya ne, can aka dosa, amma a yau suna aiki, kuma OpenPrinting ta riga ta tanadi wasu manhajoji da ke lulluɓe tsohon direba su nuna shi kamar firintar IPP. Ba dalili ba ne na jefar da injin da ke buga dubban shafuka ba ya gajiya.

Hanyar LPD kuwa, mai ƙofa 515, gadon BSD ce, wani tsohon reshen Unix, an rubuta bayaninta a takardar ƙa'ida mai suna RFC 1179 tun 1990. Ba ta fi 9100 da komai ba a wajen mai ƙaramin ofis, ga ƙarin wahalar sanin sunan layin da injin ke jira. Ka bi ta kawai idan ita kaɗai injin ko ɗan akwatin da aka jona masa ya sani.

Sai hanyar da aka fi samu a ofisoshinmu, wadda kuma ta fi cin rai: firinta tana jone da kwamfuta mai Windows ta USB, an raba ta, kowa yana turawa ta can. Linux yana shiga wannan ta SMB, hanyar da Windows ke raba fayiloli da firinta, ƙofa 445, da taimakon Samba, manhajar da Andrew Tridgell ya fara a Ostireliya a 1992. Sai ka saka kunshin smbclient, ka duba abin da kwamfutar ta raba:

smbclient -L 192.168.1.20 -U sunanka

sannan ka ba CUPS adireshi mai kama da smb://192.168.1.20/SunanFirinta. A rubuce abin ba wuya. A aikace kuwa, ƙidaya abubuwan da dole su daidaita kafin shafi ɗaya ya fito. Kwamfutar Windows ta kasance a kunne, ba ta yi barci ba. An saita sadarwarta a matsayin ta gida ko ofis, domin idan tana kan saitin wurin jama'a Windows yana rufe rabon firinta. Akwai asusu mai kalmar sirri ta gaske, don Windows ba ya barin asusu marar kalmar sirri ya shigo ta sadarwa, kuma lambar PIN da mai kwamfutar ke shiga da ita ba ta aiki a nan. Ranar da aka canza kalmar sirrin, ayyukanka za su tsaya a layi suna jiran tantancewa, ko ka ga NT_STATUS_ACCESS_DENIED a cikin /var/log/cups/error_log. Wasu kan gaji su cusa suna da kalmar sirri cikin adireshin kansa. Yana aiki, amma ka sani kalmar za ta zauna a rubuce cikin /etc/cups/printers.conf. Idan dole ne, a buɗe wani asusu na daban a Windows wanda ba shi da ikon komai sai bugawa.

Ga kuma abin da mutane ba sa zato: SMB ba ta raba ka da neman direba ba. Windows ba ya fassara maka aikin, miƙa shi kawai yake yi ga firinta yadda ya zo. Direban da ke kan Windows ɗin bai amfane ka da komai ba, sai ka sami na Linux. Kuma injinan da aka fi rabawa ta wannan hanya su ne ƙananan nan masu araha da ba su da ƙwaƙwalwar kirki, kwamfuta ce ke yi musu kusan duk aikin. Canon LBP2900, wadda ta cika shaguna da ofisoshi, tana amfani da yaren CAPT, mai buƙatar kwamfuta da firinta su yi ta musayar magana har shafi ya fito. Da wuya irin wannan ya yiwu ta cikin rabon Windows.

Ƙa'idojin ɓangaren Windows ɗin ma suna motsi. Bayan annobar ƙwayar cutar kwamfuta WannaCry ta 2017 aka yi ta rufe tsohon zubin SMB1, Samba ma ta kashe shi daga zubi na 4.11 a 2019, don haka tsohuwar kwamfuta mai Windows XP da ke riƙe da firinta ba za ta yi magana da sabon Linux ba sai an sassauta tsaro, abin da ba na ba kowa shawara. A 2021 kuma gyare-gyaren da suka biyo bayan ɓarakar tsaron Windows da aka yi wa laƙabi da PrintNightmare sun tsaurara rabon firinta har tsakanin Windows da Windows. Shi kansa Microsoft ya sanar a 2023 cewa zai janye daga rarraba direbobin kamfanoni ya koma kan IPP. Wurin da SMB ke da hujja mai ƙarfi shi ne babbar ma'aikata, jami'a ko banki, inda sashen kwamfuta ya tsare firintoci a bayan uwar garken Windows don sanin wa ya buga me. A can ba zaɓinka ba ne, ka nemi adireshin da ƙa'idar shiga daga wurinsu ka bi.

To idan firintar USB kaɗai gare ta fa, kuma ofis ƙarami ne? A nan ina ganin gara a juya lamarin: a cire ta daga jikin Windows a jona ta da wata kwamfuta mai Linux da za ta zama uwar garke. Umarni biyu ne:

cupsctl --share-printers
lpadmin -p Ofis -o printer-is-shared=true

Daga nan sauran kwamfutoci za su same ta a ipp://192.168.1.10:631/printers/Ofis. Ribar a fili take. Wahalar direba sau ɗaya za a sha, a kan uwar garken, sauran kuwa suna ganin firintar IPP ce ta zamani. Mac zai gan ta, iPhone da Android za su gan ta, Windows 10 da 11 ma suna iya ƙara ta. Firintar da aka ƙera tun kafin a san wayar shafa sai ga ta tana karɓar aiki daga waya. CUPS yana kuma iya ajiye lissafin shafuka a page_log, yana iya taƙaita masu bugawa, har ya yanka wa kowa adadin shafin da ba zai wuce ba a mako. Shugaban makarantar da ke kukan tona tana ƙarewa ba a san inda ta tafi ba zai so wannan, ko da yake sunan da kwamfuta ta aiko da shi ake yarda da shi sai an kunna tantancewa.

Mutane da yawa za su ce a sayi Raspberry Pi, 'yar ƙaramar kwamfutar nan mai girman tafin hannu, don wannan aiki, kuma yana yi, ga shi ba ya shan wuta. Amma ni a yanayinmu tsohuwar laftof na fi so, ko da allonta ya fashe, muddin batirinta na riƙe ko da rabin awa. Idan aka ɗauke wuta ba ta mutuwa nan take, ayyukan da ke layi suna nan har a tada janareta, kuma ba ka fargabar katin ajiya ya lalace saboda yankewar wuta. Wasu direbobin kamfanoni ma don masarrafar Intel da AMD kaɗai aka yi su, ba sa hawa kan ARM da Pi ke amfani da shi. Ka dai tuna ka sa HandleLidSwitch=ignore a cikin /etc/systemd/logind.conf don kada ta yi barci idan an rufe murfi. Masu HP LaserJet 1018 da 1020 su lura da wani abu: waɗannan injinan sai kwamfuta ta loda musu 'yar manhajarsu ta ciki duk lokacin da aka kunna su. Direban foo2zjs ko na HPLIP yana yin haka da kansa idan an saka shi daidai, amma in ba a saka wannan fayil ba, aiki zai nuna ya tafi, firinta kuwa shiru.

Uwar garke tana buƙatar kulawa, ba a kafa ta a manta. A Satumban 2024 an bayyana wasu ɓarakoki a cups-browsed, ɓangaren da ke sauraron shelar firintoci, waɗanda ke ba baƙo damar cusa firintar bogi. An toshe su, amma sai wanda ya sabunta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ka riƙa sabunta manhaja, kada ka kunna zaɓin --remote-any na cupsctl, mai barin a turo aiki daga ko'ina, ba tare da dalili ba, kuma kada ƙofa 631 ko 9100 ta leƙa intanet ta rautarka.

Akwai matsaloli biyu da ba ruwansu da hanyar da ka zaɓa, kuma su suka fi kawo mini kira. Ta farko adireshi. Rauta ce ke raba adireshin IP, kuma idan wuta ta tafi ta dawo, wanda ya riga tashi shi ke karɓar na farko. Firintar da take 192.168.1.50 jiya sai ta wayi gari a 192.168.1.53, layin da ka kafa yana ta ƙwanƙwasa ƙofar da ba kowa. Shiga shafin rautar ka keɓe wa firinta adireshi ɗaya na dindindin, haka ma uwar garke. A wasu nau'o'in Linux kuma, idan aiki ya gaza sau ɗaya CUPS yana dakatar da layin gaba ɗaya, ya zauna a haka ko firinta ta dawo. Umarnin cupsenable Ofis zai tada shi, wannan kuma zai hana a maimaita:

lpadmin -p Ofis -o printer-error-policy=retry-job

Ta biyu girman takarda. Mu A4 muke amfani da ita, milimita 210 da 297, Amurka kuwa Letter, wadda ta fi faɗi kaɗan ta kuma fi gajarta. Idan an saka Linux da saitin Amurka, ko injin daga can ya fito, sai firinta ta tsaya tana neman takardar da ba ka da ita, ko ta yanke ƙasan shafi. A daidaita A4 a wuri biyu, a CUPS da kuma a allon injin.

Ga mai shirin saye, musamman na hannu, ka sa mai shago ya buga maka shafin bayanan injin a gabanka. A nan za ka ga ko akwai AirPrint ko IPP, ko akwai PCL ko PostScript. Ka leƙa baya ka ga ramin kebul da idonka, kuma ka karanta ƙarfin wutar da aka rubuta a jiki, don na Amurka na volt 110 ne, namu kuwa 230. Kuɗin da za ka ƙara don samun mai ramin kebul bai kai na ranakun da za ka ɓata kana lallashin wadda ba ta da shi ba. Idan akwai zaɓi tsakanin kebul da Wi-Fi, ka ja kebul, firinta ba yawo take yi ba.

A makarantar nan da na faɗa, babbar firintar tana kan IPP yanzu, kowa yana tura mata kai tsaye, har sakatariyar daga Windows ɗinta. Ƙaramar ta USB da ke ofishin shugaba mun jona ta da wata tsohuwar laftof da ke kan kabad. Na rubuta adireshin kowace a kan farin salatif na manna a gefen injin, tare da kalmar cupsenable a ƙasa, kuma malamin lissafin ne ke tada layin da kansa idan ya tsaya.